Labarin Olivier de Clisson, Sarkin Yaƙin Faransa, da na Gidansa

Can yammacin ƙasar Faransa, inda tudu ya miƙa wuya cikin babban teku, akwai wani yanki da ake kira Biretani. Kada mai karatu ya haɗa shi da Birtaniya ta Ingilishi, ko da yake tushen sunayen ɗaya ne, kuma wani siririn teku ne kawai ya raba su. Yau yankin yana cikin jihohin Faransa, amma shekara 700 da suka wuce ƙasa ce mai sarkinta, wanda ake kira Duk. Duk yana da fadarsa da baitulmalinsa da baradensa. Yakan kai caffa ga sarkin Faransa, amma ba ya son a riƙa tuna masa. Ƙarƙashinsa kuma akwai manyan gidajen sarauta, kowanne da talakawansa da garuruwansa da gidajen ganuwa, watau manyan sorayen nan na dutse masu hasumiya da gwalalo, waɗanda mutane kaɗan ke iya tsarewa su hana runduna shiga. Gidan Clisson, kudu maso gabas da birnin Nantes, yana cikin na gaba-gaba. Nan aka haifi Olivier ran 23 ga watan Afrilu 1336. Sunan ubansa da na kakansa aka sa masa, don haka masu tarihi ke ce da shi Olivier na Biyar.

Yana ɗan shekara 5 ƙasar ta rikice. A shekara ta 1341 Duk Jean na Uku ya rasu bai bar ɗa ba. Mutum biyu suka tashi neman gado: ƙanensa Jean de Montfort, wanda suke uba ɗaya, da kuma ɗiyar wani ƙanen nasa, Jeanne de Penthièvre, matar Charles de Blois. Shi Charles ɗan ƴar'uwar sarkin Faransa Philippe na Shida ne, saboda haka Faransa ta tsaya masa. Ɓangaren Montfort kuwa suka jingina da sarkin Ingila Edouard na Uku, wanda da ma yana faɗa da Faransa tun 1337, faɗan nan da daga baya aka sa wa suna Yaƙin Shekara Ɗari. Haka rikicin gadon gida ya zama fagen kokawar giwaye biyu, aka yi shekara 23 ana tattake ciyawa.

Uban Olivier ya bi Faransa. A ƙarshen 1342 Ingilishi suka kama shi wajen tsaron birnin Vannes. Ba da daɗewa ba suka sake shi, aka musanya shi da wani babban baradensu da ke hannun Faransawa, kuɗin fansar da suka ɗora masa kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan sauƙi da aka yi masa shi ya kashe shi. Aka shiga raɗa a fadar Paris cewa banza ba ta kai zomo kasuwa, lalle ya ƙulla wani abu da Ingila a ɓoye. Da aka tsai da yaƙi na ɗan lokaci a farkon 1343, sai aka gayyace shi Paris wasan barade, ya tafi da zuciya ɗaya. Can aka kama shi. Ran 2 ga watan Agusta 1343 aka fille masa kai a babbar kasuwar birnin, ba tare da an baje wata hujja gaban jama'a ba. Gangar jikinsa aka rataye a Montfaucon, inda ake rataye ɓarayi da masu kisan kai. Kan kuwa aka aika da shi har Nantes, tafiyar kwanaki, aka soke shi bisa mashi a ƙofar gari don kowa ya gani. Kashe basarake irin wannan, a kuma wulaƙanta gawarsa haka, abu ne da ya girgiza manyan gidajen Biretani, har da waɗanda ke bayan sarkin Faransa.

Sarki Philippe bai yi lissafi da matar mamacin ba. Sunanta Jeanne de Belleville, ɗiyar babban gida ce daga ƙasar Poitou, mai gadon ƙasa a bakin teku. Labarin da aka gada ya ce ta ɗauki ƴaƴanta maza biyu, Olivier mai shekara 7 da ƙanensa Guillaume, ta kai su ƙofar Nantes, ta nuna musu kan ubansu, ta sa suka rantse za su rama. Abin da ya biyo baya ya shiga takardun shari'a na zamanin: ta tara mayaƙa, ta faɗa wa wani gidan ganuwa na magoya bayan Faransa, aka karkashe masu tsaronsa. Kotun Paris ta kore ta daga ƙasa, ta ƙwace dukiyarta. Ita kuma ta koma teku da jiragen ruwa tana tare fataken Faransa. Masu ba da labari na baya sun ƙara gishiri, suka ce jiragenta baƙaƙe ne masu jajayen filafilai. An kuma ce wata rana jirginta ya nutse, ta kwana biyar cikin kwalekwale da ƴaƴanta ba ci ba sha, har ƙaramin ya cika a hannunta. Daga bisani ta isa Ingila da Olivier. Ta auri wani kumandan Ingilishi mai suna Walter Bentley, ta rasu a 1359.

A fadar Edouard aka yi renon Olivier, tare da wani maraya ɗan ƙasarsu, Jean, ɗan Montfort, wanda ubansa ya mutu a 1345 ya bar masa da'awar sarauta. Olivier ya girme shi da shekara 3. Yara biyu marayu a ƙasar mutane, gida ɗaya, maƙiyi ɗaya. Wanda ya gan su a lokacin ba zai ce za su yi fiye da shekara 20 kowa na neman ran ɗan'uwansa ba.

Olivier ya komo Biretani yana saurayi cikin rundunar Ingila. Bayan sulhun Brétigny na 1360 aka wanke sunan ubansa, aka mayar masa da ƙasashen gado, na wajen uba da na wajen uwa. A 1361 ya auri Catherine de Laval, ɗiyar wani babban gida. Kafin ya kai shekara 30 ya shiga sahun masu arzikin ƙasar. Ran 29 ga watan Satumba 1364 aka yi karon ƙarshe na yaƙin gado a Auray. Charles de Blois ya faɗi a fage, aka kama babban jarumin Faransa Bertrand du Guesclin. Ana tsakiyar faɗa gatari ya sauka bisa kwalkwalin Olivier ya fashe masa ido ɗaya, amma bai bar fage ba sai da aka ci nasara. A shekara mai biye aka sa hannu ga yarjejeniyar Guérande, abokin yarintarsa ya zama Duk Jean na Huɗu.

Da aka ci yaƙi sai aka zo rabon ganima, nan kuwa zumunci ya fara tsagewa. Sabon Duk ya kewaye kansa da Ingilishi, su ne mashawartansa, su ne masu riƙe da garuruwa. Kusa da Blain, ɗaya daga cikin gidajen Clisson, akwai wani gidan ganuwa da dajinsa mai suna Gâvre. Olivier ya sa rai a kansa, yana ganin idon da ya bari a Auray ya isa farashi. Sai Duk ya ba da shi ga Ba'ingilishe John Chandos. An ce Olivier ya tafi ya cinna wa gidan wuta, ya sa aka kwashe duwatsun aka kai Blain ya yi gini da su. A Paris kuwa akwai sabon sarki, Charles na Biyar, wanda ake kira Mai Hikima, jikan wanda ya fille kan uban Olivier. Shi ba mayaƙi ba ne, amma ya san darajar mutane, ya kuma san yadda ake sayen zuciyar wanda aka ɓata wa rai. Ya jawo Olivier a hankali, da girmamawa da kyauta. A 1370 ya share masa hanya ya mallaki Josselin, babban gidan ganuwa a tsakiyar Biretani, bisa gaɓar kogin Oust. Cikin watan Oktoba na wannan shekara, a garin Pontorson, Olivier da Du Guesclin, waɗanda suka yi wa juna yaƙi a Auray, suka rattaba hannu ga takardar ƴan'uwantaka: su tsare wa juna rai, su raba ribar yaƙi biyu. Farkon Disamba suka murƙushe wata rundunar Ingila a Pontvallain.

Faransa ta yi babban kamu, domin mutumin da ya tashi cikin Ingilishi ya san dabarunsu ciki da waje. Shi ne yake cikin masu ba sarki shawarar a daina karon fage da su, a bar su su yi ta yawo yunwa ta ci su, a riƙa ƙwace garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Amma fa ba shi da tausayi. A 1372, da aka ci wani gari mai suna Benon, inda Ingilishi suka kashe masa wani yaronsa da yake ƙauna, masu tarihin zamanin sun ce ya tsaya a bakin ƙofa da gatari yana sare kamammu da hannunsa suna fitowa ɗaya-ɗaya. Daga nan aka laƙaba masa suna Mahauci. Ko a wancan zamani, da jini bai da tsada, barde ba ya kashe wanda ya ajiye makami, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Du Guesclin ya rasu a watan Yuli 1380, sarki Charles na Biyar ya bi shi a watan Satumba. Cikin Nuwamba aka ba Olivier takobin Connétable, watau Sarkin Yaƙin Faransa baki ɗaya, sarautar da za a iya kwatantawa da ta Ƙaura a Maraɗi ko Damagaram: bayan sarki, ba wanda ke gabansa a sha'anin yaƙi. Ɗan wanda aka rataye a Montfaucon ke nan, bayan shekara 37. Sabon sarki, Charles na Shida, yaro ne ɗan shekara 11, baffanninsa ke riƙe da mulki, musamman Duk na Bourgogne da Duk na Berry. Olivier ya ja rundunar da ta karya ƴan tawayen Flandre a Roosebeke ran 27 ga Nuwamba 1382. Da suka komo, aka hori mutanen Paris saboda boren haraji da suka yi, aka ciccire ƙyamaren ƙofofin birnin aka bar su a buɗe dare da rana. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta ƙofofi, za ta komo.

Matar Olivier ta fari ta rasu ta bar masa ɗiya biyu, Béatrix da Marguerite, wadda ake kira Margot. Ya sake aure, ya auri Marguerite de Rohan, amma bai sami ɗa namiji ba. Saboda haka dukan burinsa ya koma kan auren ƴaƴan nan mata. Béatrix ya ba Alain, magajin gidan Rohan. Margot kuwa ya yi mata tanadin da ya fi ƙarfin zaman lafiya. Charles de Blois da ya mutu a Auray ya bar ɗa, Jean de Penthièvre, wanda aka kai Ingila jingina tun yana yaro saboda bashin fansar ubansa, ya yi shekara wajen 30 can ba wanda ya fanshe shi. Olivier ya ɗauki nauyin fansarsa, da sharaɗin ya auri Margot. To, yarjejeniyar Guérande ta ce in zuriyar Montfort ta rasa ɗa namiji, sarauta ta koma gidan Penthièvre. Duk Jean kuwa a lokacin ya yi aure har sau uku, ba shi da ɗa namiji ko ɗaya. Ba sai an yi masa fassara ba: Sarkin Yaƙin Faransa, mai dukiyar da ta fi tasa, yana shirin ɗora surukinsa bisa gadonsa.

A watan Yuni 1387 Duk ya kira taron manyan ƙasa a Vannes. Olivier yana bakin teku yana haɗa jiragen da za su kai yaƙi Ingila, ya bar aikin ya zo. Aka ci aka sha, Duk yana ta fara'a. Da aka tashi sai ya roƙe shi ya zo ya ga sabon gidan ganuwa da yake ginawa, mai suna Hermine. Ya zaga da shi ɗaki-ɗaki. Da suka iso gindin babbar hasumiya, ya ce masa ba wanda ya kai shi sanin gini a ƙasar, ya hau ya duba masa ko magina sun yi aikin kirki. Olivier ya hau shi kaɗai. Yana shiga aka rufe ƙofa, mutanen da aka ɓoye suka danne shi suka sa masa mari. Tarkon da ya ci uban shi ne ya kama ɗan: gayyata, fara'a, sa'an nan sarƙa. Duk ya yi niyyar kashe shi a daren. Froissart, babban marubucin tarihin zamanin, ya ce sarkin Laval, ɗan'uwan matar Olivier ta fari, shi ya durƙusa gaban Duk yana roƙo, yana tuna masa yarintarsu da idon da aka rasa dominsa a Auray, da kuma abin da sarkin Faransa zai yi wa Biretani in aka kashe masa Sarkin Yaƙi. Masu tarihin Biretani kuma sun ce Duk ya umarci mai tsaron gidan, Bazvalan, ya sa shi cikin buhu ya jefa ruwa, mutumin ya ce to, bai aikata ba. Da gari ya waye Duk ya tashi cikin nadama da tsoro, sai Bazvalan ya gaya masa ɗaurarren yana nan da rai. Aka koma ciniki. Olivier ya biya faran 100,000 na zinariya, ya kuma miƙa waɗansu gidajen ganuwarsa, har da Josselin, kâna aka kwance shi.

Bai tsaya ko'ina ba sai Paris. Ya durƙusa gaban sarki ya miƙa takobin sarauta, ya ce wanda aka yi wa wannan wulaƙanci bai cancanci riƙe shi ba sai an bi masa hakki. Sarki ya ƙi karɓa. Baffannin sarki kuwa, da ma suna jin haushin girmansa, suka yi ta jan ƙafa, har suna yi masa ba'a cewa tsohon mayaƙi kamarsa ya shiga tarkon da yaro ba zai shiga ba. A ƙarshe aka tilasta wa Duk ya mayar da garuruwan, ya kuma yi alkawarin biyan kuɗin. Auren da aka so hanawa kuwa aka ɗaura shi a watan Janairu 1388. Cikin Nuwamba na shekarar sarki Charles, da ya kusa cika shekara 20, ya sallami baffanninsa ya kama mulki da kansa, ya maido tsofaffin ma'aikatan ubansa. Olivier ne jigonsu. Shekara huɗu ba wanda ya fi shi faɗa a ji a Faransa.

Akwai wani basarake, Pierre de Craon, dangin Duk na Biretani, wanda aka kora daga fadar Paris, ya kuma ɗora laifin korarsa a kan Olivier. Ya shigo da mutane da makamai gidansa na Paris a ɓoye, kaɗan-kaɗan. Daren 13 ga watan Yuni 1392 an yi biki a fadar sarki, Olivier ya fito tsakar dare bisa doki zai koma gida, da ƴan rakiya kaɗan marasa makami. A wata ƴar siririyar hanya mahaya suka auka musu, suka kashe fitilu. Da fari ya zaci wasan samarin fada ne. Da ya ji sunan Craon ya zare ƴar wuƙar da ke jikinsa yana karewa, har sara ya same shi a ka, ya faɗo daga doki. Allah ya sa wani mai gashin burodi ya riga ya tashi aikin asuba, ya bar ƙofarsa a sakaye. Olivier ya faɗa kanta ta buɗe, ya gangara ciki. Maharan ba su iya kai masa sara daga bisa doki ba, suka ɗauka ya mutu, suka zuba a guje. Suka fita birni ba wanda ya tare su, ta ƙofofin nan da aka cire wa ƙyamare shekara 9 da suka wuce, bayan nasarar shi wanda suka sara.

Sarki yana shirin kwanciya labari ya iske shi. Ya yafa mayafi ya zo shagon mai burodi da kansa, ya tarar da Sarkin Yaƙinsa cikin jini amma da rai, ya rantse sai ya rama masa. Olivier ya warke, sai dai jinyar ta tona wani asiri. Da yana ganin mutuwa ce, ya yi wasiyya, Froissart kuwa ya ce kuɗi da kayan da aka lissafa, ban da ƙasa da gidaje, sun kai faran 1,700,000. Baffannin sarki suka ji, suka shiga tambayar inda bawan sarki ya samo abin da sarki kansa bai ajiye ba. Tambayar ba ta rasa tushe ba, gama ya daɗe yana ba sarakuna da manya rance, albashin soje kuma ta hannunsa yake bi.

Craon ya gudu Biretani, Duk ya ce bai san inda yake ba. Sarki ya ɗaura yaƙi. Ran 5 ga watan Agusta 1392, ana tsananin zafi, runduna tana ratsa dajin Le Mans, sai wani mutum cikin tsumma ya fito ya kama linzamin dokin sarki yana ihu ya koma, an ci amanarsa. Aka kore shi aka ci gaba. Can gaba wani yaron sarki ya yi gyangyaɗi bisa doki, mashin da ke hannunsa ya faɗi bisa kwalkwalin na gabansa. Ƙarar ƙarfen nan ta tayar wa sarki da hankali. Ya zare takobi ya auka wa mutanensa, ya kashe huɗu kafin a riƙe shi. Ciwon hauka ke nan da ya yi ta zuwa yana komawa har mutuwarsa a 1422, ya jefa Faransa cikin yaƙin basasa, ya kuma buɗe wa Ingila ƙofa. Tafiyar da aka yi don a rama wa mutum ɗaya ita ce mafarin wannan duka. Nan take baffanni suka karɓe mulki. Olivier ya ga alama, ya fice daga Paris ya nufi Josselin. Cikin Disamba aka yanke masa hukunci ba ya nan: an tuɓe shi, an kore shi daga ƙasar sarki, an ci shi tara mai nauyi. Aka naɗa wani, aka aiko karɓar takobi, ya ƙi bayarwa.

Shekara uku ya yi yana yaƙi da Duk cikin Biretani, wannan ya ƙona garin wancan, wancan ya kwashe dabbobin wannan, talakawa na biyan kuɗin gabar da ba tasu ba. Amma tsufa ya kama su duka biyu. Duk ya sami ɗa namiji a watan Disamba 1389, yana kuwa tsoron ya mutu ya bar yaro ƙarami tsakanin Faransa da Ingila da gidan Penthièvre. Ya duba ƙasar duka bai ga wanda zai iya tsare yaron ba sai maƙiyinsa. A 1395 ya rubuta masa takarda yana neman su gana su biyu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle: Olivier ya amsa cewa ba zai taka ƙafa ba sai an aiko masa da magajin gado jingina. Ga mamakin kowa, Duk ya aiko da yaron Josselin, bai kai shekara 6 ba. Froissart ya ce da tsohon ya ga yaron a ƙofarsa, sai ya hau doki ya mayar da shi ga ubansa da kansa, ya shiga hannun Duk ba jingina ba garkuwa. Suka keɓe su biyu suka daɗe suna magana. Ran 19 ga watan Oktoba 1395 aka sa hannu ga sulhu a Aucfer, kusa da Redon, wannan karo kuwa ya riƙe.

Duk Jean na Huɗu ya rasu a farkon Nuwamba 1399, magajinsa bai cika shekara 10 ba. Olivier yana cikin waɗanda aka bar wa amanar ƴaƴan. A nan ne ake ba da labarin da ya fi kowanne shahara a gidan, wanda wani marubucin tarihin Biretani ya rubuta bayan shekara wajen ɗari. Da labarin rasuwar ya iso Josselin, Margot ta shiga ɗakin ubanta da sassafe ta ce masa dama ta samu, in ya kawar da ƴaƴan Duk sarauta ta komo ga mijinta da ƴaƴanta, jikokinsa. Tsohon ya zabura ya rarumi mashin farauta. Ta ruga, ta faɗo daga matakala, ƙafarta ta karye, ta zama gurguwa har ƙarshen ranta. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ba abin da ya taɓa yaran, kuma ranar da aka naɗa Jean na Biyar a birnin Rennes, Olivier ne ya ɗaura masa takobin barde da hannunsa.

Ya rasu a Josselin ran 23 ga watan Afrilu 1407, ranar da ya cika shekara 71 daidai. Cikin wasiyyarsa ya raba dukiya mai yawa ga majami'u da matalauta, ya kuma sa a kai wa sarkin Faransa takobin nan da ya hana shekara 15.

Margot ba ta haƙura ba. Mijinta ya riga ubanta mutuwa, ta reni ƴaƴanta maza da maganar gadon da aka ƙwace wa kakansu a Auray. A watan Fabrairu 1420 ita da su suka gayyaci Duk Jean na Biyar biki a gidansu na Champtoceaux, bisa kogin Loire. Shi ne yaron nan da ubanta ya mayar wa ubansa lafiya shekara 25 da suka wuce. Yana kan hanya suka kama shi tare da ƙanensa Richard, suka tsare. Karo na uku ke nan da gayyata ta zama tarko a tarihin gidan, sai dai wannan karo jinin Clisson ne ya ɗana shi. Matar Duk, Jeanne, ɗiyar sarkin nan Charles na Shida, ta tara manyan ƙasa a Vannes, ta fito musu da ƴaƴanta, suka tashi gaba ɗaya, har da gidan Rohan na yayar Margot. Aka ci garuruwan Penthièvre ɗaya bayan ɗaya, aka kewaye Champtoceaux. A watan Yuli Margot ta saki Duk. Aka rushe gidan har ƙasa, aka hana sake gina shi. Aka ƙwace ƙasashensu, garin Clisson kansa aka ba Richard. Ɗanta Guillaume, wanda aka ba da jingina, ya yi shekara 28 a tsare. Ita ta rasu a 1441.

Josselin ya bi ta wajen Béatrix ya shiga gidan Rohan, zuriyarsu kuwa na riƙe da shi har yau, hasumiyoyi uku na zamanin Olivier suna tsaye bisa kogi. A Paris, ƙofar gidansa mai ƴan hasumiyoyi biyu tana nan jikin ginin da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnatin Faransa. Kabarinsa yana cikin majami'ar Notre-Dame du Roncier a Josselin, an sassaƙa siffarsa da farin dutse yana kwance cikin sulke kusa da matarsa Marguerite de Rohan. An farfasa shi lokacin juyin mulkin Faransa, daga baya aka harhaɗa aka gyara.